Filin Likitan Dabbobi: Ƙarin ruwan jini yana hana ciwon huhu a jikin ɗan duƙushi?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a wuri guda suka haɗu: duƙusan da ciwon huhu ke ɗauka kafin su cika wata huɗu, da maganar ƙarin ruwan jini da ake ta yi a bargogi. Likitocinmu na Jos sun zaɓi bakwai sun amsa.

Assalamu alaikum, Likita. Ina da goɗiyoyi bakwai a bayan Bukuru. Shekara biyu a jere ina rasa duƙusai, bara biyu, bana ɗaya, duk tsakanin wata biyu zuwa uku. Lafiya lau ake haihuwarsu, suna tsotso suna tsalle, sai rana guda a ga haƙarƙari yana ɗagawa, kwana huɗu ko biyar shi ke nan. Wanda muka farke, huhunsa duk ƙulle-ƙullen mugunya ne mai kauri kamar dafaffen dankali. Wani abokina ɗan folo ya ce a ƙasashen waje ana yi musu ƙarin ruwan jini ranar haihuwa, ba sa kamuwa. Da gaske ne?
*Mai kiwon dawaki, Bukuru*

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, amma rabin labarin ya ba ka.

Yadda ka kwatanta huhun nan, da watannin da suke mutuwa, da yadda abin ke komowa gida ɗaya duk shekara, sun fi kama da aikin ƙwayar cutar da ake kira *Rhodococcus equi*, wato rodokokus. A Suwidin aka fara gano ta a huhun duƙusai a 1923, yau kuwa kusan duk inda ake kiwon dawaki tana nan. A ƙasa take zaune, musamman ƙasar da kashin doki ya ratsa, kuma ta fi hayayyafa idan zafi ya kai wajen digiri 30. Ƙasa ta bushe, kofato ya tayar da ƙura, ɗan duƙushi ya shaƙa. Babban doki ma yana shaƙa, ba ta yi masa komai. Shi kuwa jaririn, ƙwayoyin da ke gadin huhunsa sukan haɗiye ta don su kashe ta, sai ta yi zamanta a cikinsu tana ƙaruwa, domin tana ɗauke da wani sinadari mai suna VapA da ke hana su narkar da ita. Daga nan mugunya take fara taruwa sannu a hankali, makonni ana haka ba wanda ya sani. Yawancin masana sun tafi a kan cewa tun a kwanakin farko na rayuwa ake kamuwa. Ranar da ka ga haƙarƙari yana ɗagawa, an daɗe da yin nisa. Wannan ɓuyan nata ne kuma ya sa penisilin da ake ɗirka musu ba ya wani tasiri: ba ya shiga cikin ƙwayoyin da ta laɓe, ba ya ratsa mugunyar.

Ruwan jini, ko filasma, shi ne ruwan nan mai kalar man gyaɗa da ke tasowa sama idan jinin da aka hana daskarewa ya kwanta. A cikinsa sinadaran garkuwar jiki suke. Iri biyu ne, kuma nan mutane ke rikicewa. Akwai na gama-gari, wanda ake ɗiba daga kowane doki mai lafiya, aikinsa cike gurbin dakashi ga jaririn da bai sha isasshe ba. Akwai kuma na musamman, wanda ake ɗiba daga dawakin da aka keɓe ana yi musu allurar wannan ƙwaya akai-akai har garkuwar yaƙi da ita ta yi yawa a jininsu. Na biyun abokinka yake nufi. Kamfanonin da ke yin sa suna Amurka da Ingila da Ostareliya, a daskare suke sayarwa, galibi jaka mai lita ɗaya.

Ana ba jariri lita ɗaya ta jijiya a cikin kwana ɗaya zuwa biyu na haihuwa. Wasu gonaki suna ƙara lita ta biyu idan ya kai mako biyu zuwa huɗu, don garkuwar aro tana raguwa. Binciken baya-bayan nan a gonakin Amurka ya nuna cewa waɗanda aka ba lita biyu tun farko sun fi waɗanda aka ba ɗaya tsira daga ciwon.

Yana aiki? Yana ragewa, ba ya kawarwa. A 1989 masu bincike a Tekzas suka nuna cewa duƙusan da aka ba shi kafin a sa musu ƙwayar sun fi rayuwa. Gwajin da aka yi a Kalifoniya aka wallafa a 1991 shi ma ya yi kyau. Wanda aka yi a Ostareliya aka wallafa a 1995 bai nuna bambanci ba. Ƙarfin garkuwar ma yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har daga jaka zuwa jaka. Don haka ko a gonakin da ake ba kowane jariri, ba a daina duba huhunsu ba. Kuma rigakafi ne kawai. Wanda ciwon ya riga ya bayyana a jikinsa, magani yake bukata.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka tabbatar da abin da ke cin dawakinka. Akwai wata ƙwayar, *Streptococcus zooepidemicus*, da ke kawo ciwon huhu ga duƙusai sosai, kuma wancan ruwan jini mai tsada ba don ita aka yi shi ba. Sa'arka ɗaya, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana kusa da kai. Idan wani ya sake mutuwa, Allah ya kiyaye, likita ya yanki huhun da ke da ƙurjin, ya sa a roba mai tsabta cikin ƙanƙara, a kai ranar. Wanda za a raini ƙwayar da ke cikinsa a ɗakin gwaji don gano ta kada a zuba masa fomalin, maganin hana nama ruɓewa, yana kashe ta. Ga mai rai, ruwan da aka wanko daga maƙogwaro ake aunawa. Samun ƙwayar a kashi ko a majinar hanci ba hujja ba ne, masu lafiya ma suna ɗauke da ita, haka gwajin garkuwa a jini ba ya raba mai ciwo da mara ciwo.

Idan ta tabbata ita ce, gida irin naka da ke asara duk shekara shi ne wanda wannan ruwa ya dace da shi. Sai dai ba abu ne da za ka shiga kantin maganin dabbobi ka ɗauko ba. Shigowa da shi sai da izinin hukuma, NAFDAC da hukumar killace dabbobi da tsirrai, kuma dole ya iso a daskare, ya zauna a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili har ranar haihuwa. Wanda bai da tsayayyiyar wuta ko sola ya yi lissafi da kyau. Jakar da ta narke ta kwana biyu sannan ta sake daskarewa ba ta shiga jijiyar jariri. Tun goɗiya na da wata shida da ciki ake fara wannan shiri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, ina taimaka wa likitan da ke duba wata barga a Rayfield. An kawo mana filasma a daskare. Yaya ake ba da shi, kuma me ya kamata in sa wa ido?
*Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Rayfield*

Madalla da ka tambaya kafin ranar. Fara da narkarwa, don nan aka fi ɓata shi. Bar jakar cikin ledarta ta waje, ka sa a bokitin ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37, kada ya haura 40. Ka riƙa ƙara ruwan ɗumi idan ya huce. Ma'aunin zafi za ka sa a bokitin, ba yatsa ba. Ruwan zafi ko injin ɗumama abinci suna dafa sinadaran garkuwar kamar yadda ƙwai ke dahuwa. Jakar da ke daskare tana tsagewa da ɗan bugu, ka riƙe ta a hankali, kuma idan ka ga ruwan bokitin ya gurɓace, ta fashe ke nan, a jefar. Bayan ta narke ka ɗaga ta ga haske. Ɗan zare-zare fari ba laifi, matata za ta riƙe shi. Guda-guda masu yawa ko warin da bai dace ba, a'a.

Robar ƙarin jini mai matata a ciki ake sawa, ba robar ƙarin ruwa ta yau da kullum ba. A aske gashin kan jijiyar wuya, a wanke da kulohekzidin ko aidin, a goge da sifirit, likita ya sa kanula, 'yar robar da ke zama cikin jijiya, mai lamba 14 ko 16 ya ɗaure ta da kyau. Mutum biyu su riƙe jaririn, ɗaya hannu a ƙirji ɗaya a gindi, ko a kwantar da shi a kan buhu mai tsabta. Uwar ta tsaya inda take ganinsa, in ba haka ba za ta rushe muku bargar.

Kafin ɗigon farko, rubuta abu uku: zafin jiki, bugun zuciya, numfashi. Jariri mai lafiya zafinsa tsakanin 37.2 da 38.9 ne, zuciya 80 zuwa 120 a minti, numfashi 20 zuwa 40. Awon ruwan mililita 20 ne ga kowane kilo, shi ya sa ake cewa lita ɗaya ga mai kilo 50. Duƙusan dawakinmu na gida sau da yawa ba su kai haka ba, a auna nauyinsu, kada a yi kirdado.

Minti goma sha biyar zuwa ashirin na farko, rabin mililita kawai ga kowane kilo zai shiga. Ga mai kilo 40, mililita 20 ke nan. Idan robarka tana ba da ɗigo 20 a mililita, ɗigo ɗaya duk daƙiƙa uku ya yi. Duk minti biyar ka sake awo. Idan ba abin da ya canja, a buɗe a hankali a gama sauran cikin kamar awa ɗaya. Jariri mara ƙarfi ko mai matsalar ƙoda a ƙara sassautawa, ruwa ya yi masa yawa zai taru a huhun da kuke ƙoƙarin karewa.

Alamun jiki bai karɓa ba su ne karkarwa, numfashi sama-sama, zuciya ta yi gudu, gumi, borin jini, kumburin fatar ido, murɗawar ciki, ko ya yi laushi ya zube. Da ganin ɗaya, rufe robar. Mai sauƙi yakan lafa cikin mintuna, sai a ci gaba da ɗigo kaɗan-kaɗan in likita ya yarda. Mai tsanani adirenalin ne maganinsa, miligiram 0.01 ga kowane kilo, wato kusan rabin mililita na mai ƙarfin 1:1000 ga mai kilo 50. Ya kasance an zuƙe shi a sirinji yana gefe tun kafin a fara. Lokacin da jariri ya zube ba lokacin neman mabuɗin akwati ba ne. Jakar da aka huda a gama da ita ranar, ba a mayar da saura firiza. Kwana biyu zuwa uku bayan cire kanula ka riƙa shafa jijiyar, in ta yi tauri ko zafi ka sanar da likita.

Likita, ni ba ni da kuɗin shigo da wani abu daga waje. Ina da ingarma mai ƙarfi, ban taɓa ganin ya yi ko mura ba. Ba za a ɗebi nasa a ba jaririn ba?
*Mai doki, Gangare*

Za a iya, Malam, amma ka san me kake samu. Ruwan jinin ingarmanka na gama-gari ne. Ga jaririn da bai sha dakashi ba yana iya zama abin da zai cece shi daga ciwon cibiya da na gaɓoɓi da gubar jini. Ga rodokokus kuwa kada ka ɗora rai a kansa.

Zaɓen dokin da za a ɗiba ya fi ɗibar wuya. Wanda ya fi dacewa shi ne namiji babba mai lafiya da ba a taɓa yi wa ƙarin jini ba. Goɗiyar da ta taɓa haihuwa a guje mata, uwar jaririn ma haka, domin jininsu yana iya ɗauke da garkuwar da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jariri, ka wayi gari idonsa ya yi rawaya da shawara. Na biyu, "bai taɓa ciwo ba" ba gwaji ba ne. Cutar kaska, wadda *Theileria equi* da *Babesia caballi* ke kawowa, ta yi yawa a dawakin ƙasar nan, kuma doki yakan ɗauke ta shekaru yana sukuwa lafiya lau. Akwai sammore, akwai cutar ƙarancin jini mai yaɗuwa ta dawaki. Duk ta jini suke bi. A kai jininsa ɗakin gwaji tun goɗiya ba ta haihu ba.

Jinin doki kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinsa ne, mai kilo 350 yana da wajen lita 28, ɗibar lita biyu zuwa uku ba za ta taɓa shi ba. Jakunkunan ƙarin jinin mutane masu mililita 450 ake amfani da su, waɗanda ke da maganin hana daskarewa a ciki, kuma an fi son masu 'yar jaka ta biyu a haɗe don kada iska ta shiga. Doki yana da wata baiwa a nan: jajayen ƙwayoyinsa suna mannewa kamar jerin kwabbai su nutse da kansu. Rataye jakar a firji awa biyu, za ka ga ja a ƙasa rawaya a sama, sai a matse na saman a hankali zuwa jaka ta biyu, a tsaya kafin ja ya biyo. Kusan rabi ake samu, lita ɗaya tana cin jaka huɗu zuwa biyar. A ba da shi ranar.

Aibinsa biyu. Garkuwarsa ba ta kai ta na kamfani yawa ba, wataƙila sai an yi lita biyu. Kuma duk iya hankalinka ɗan jan jini zai tsallaka, wanda idan jaririyar mace ce yana iya jawo wa 'ya'yanta shawara nan gaba. A rubuta a ajiye cewa an taɓa yi mata. Aikin likita ne daga farko har ƙarshe, jaka guda da ƙazanta ta shiga ta isa ta kashe jariri kafin magariba.

Goɗiyata nono yana ta zuba daga hantsarta kusan mako guda kafin ta haihu. Yaron barga ya ce alamar nono mai yawa ce. Jaririn ya miƙe ya sha. Akwai damuwa?
*Hajiya, Anguwan Rogo*

Akwai, Hajiya. Abin da ya zuba ƙasa dakashi ne, kuma goɗiya sau ɗaya take yin sa a kowane ciki. Mahaifar doki ba ta barin garkuwa ta ratsa daga uwa zuwa ɗa, don haka ɗan duƙushi yana faɗowa duniya kusan babu komai a jininsa. Duk abin da zai kare shi a watanni biyun farko daga dakashi zai samu. Hanjinsa kuma ƙofa ce mai rufewa: a awa shida zuwa takwas na farko tana buɗe sosai, daga awa goma sha biyu ta fara tsukewa, zuwa awa ashirin da huɗu ta rufe. Yana bukatar lita ɗaya zuwa biyu na dakashi mai kyau kafin nan.

Dakashi mai kyau rawaya ne, mai kauri, yana danƙo tsakanin yatsu kamar zuma. Fari tsararo nono ne kawai. Masu ɗan ma'aunin Brix, irin wanda ake auna zaƙin rake da shi, suna ɗiga ɗigo guda: 23 zuwa sama mai kyau ne, ƙasa da 15 ba ya wadatarwa.

Abin yi shi ne likita ya auna garkuwar da ake kira IgG a jinin jaririn tsakanin awa 12 da 24. Sama da miligiram 800 a desilita ya samu. Tsakanin 400 da 800 ya samu rabi. Ƙasa da 400 bai samu ba. Idan an gano da wuri a ba shi dakashin wata goɗiyar. Idan kwana ya wuce, baki ba ya amfani kuma, sai ƙarin ruwan jini ta jijiya. Lita ɗaya takan ɗaga awon da kamar 200 zuwa 300 a mai kilo 50, shi ya sa ake sake aunawa washegari, don wanda ciwo ya riga ya shiga yana cinye garkuwar da sauri.

Roƙo ɗaya: kada a yi masa ɗura. Jaririn da ba ya tsotso da kansa, idan aka ɗaga kansa aka tuttula masa nono da kwalba, nonon huhu yake wucewa, a haifar da ciwon huhun da hannu. Likita ya zura masa roba ta hanci zuwa ciki. Gida mai goɗiyoyi da yawa ya saba tatsar mililita 250 daga uwa mai dakashi mai kyau bayan ɗanta ya ƙoshi, a tace, a daskarar. Yana kai shekara.

Me ya sa ba za a yi wa goɗiyar allurar rigakafi ba, ɗan ya sha a nono?
*Ɗalibin kiwon dabbobi, Naraguta*

An gwada, ɗana. Goɗiyoyin sun yi garkuwa, ta shiga dakashi, 'ya'yan suka sha, suka kuma kamu. Har yau babu allurar rigakafin rodokokus da ta tabbata ta shiga kasuwa. Wanda ke aiki ta wannan hanya shi ne irin na tetanas, a yi wa uwa mako huɗu zuwa shida kafin haihuwa.

Ni ne ke kula da barga. Maigida ya ce in tambaya, ban da allurai me za mu gyara? Dawaki goma sha biyu ne a fili ɗaya, kowa da turkensa, ƙasa ce ba siminti.
*Ɗan barga, Rikkos*

Kai ne mai babban aiki a wannan magana, ka gaya wa maigida mun ce haka. Da hantsi ka durƙusa a tsakiyar filin, kanka daidai tsayin hancin ɗan duƙushi, ka dubi inda hasken rana ya ratso. Ƙurar da ka ga tana yawo ita yake shaƙa, kuma shi da ke kwance rabin yini ya fi kowa kusa da ita.

Cunkoson uwaye da 'ya'ya a wuri guda yana cikin abubuwan da aka fi alaƙantawa da wannan ciwo. Goɗiya mai shirin haihuwa a fitar da ita daga cikin sha biyun nan, a kai ta inda ciyawa ta rufe ƙasa, wurin da dawaki ba su daɗe suna tsayawa ba, ta yi makonni biyun farko a can. Kashi a kwashe safe da yamma, jujin ya yi nisa, ta inda iska ba ta kaɗowa barga, kuma kada a watsa shi ɗanye a inda duƙusai ke kiwo. Ƙwayar tana hayayyafa a hanjin ƙananan duƙusai, mai ciwo kuma yana haɗiye majinarsa ya fitar da ita da yawa a kashi, shi ya sa nasa ake fara kwashewa. Kada ka yi shara jariri yana ciki. Fitar da su, yayyafa ruwa, sannan tsintsiya. Harawa da dusa a ɗan jiƙa su, a zuba a komi. Hayaƙin da ake turarawa don sauro a yi shi nesa da jarirai. Kuma sanyin Jos kada ya sa a toshe kowace kafa da buhu da leda. A tare iskar da ke bugun jiki kai tsaye, a bar sama a buɗe. Idan warin fitsari ya sa idonka yaji, huhunsa ya fi naka jin jiki.

Akwai kuma lissafin wata. Goɗiya tana ɗaukar ciki kusan kwana 340. Wadda aka yi wa barbara a Janairu za ta haihu a Disamba, tsakiyar hunturu, ƙura ta ko'ina. Wadda aka yi wa a Yuni ko Yuli za ta haihu a Mayu ko Yuni, ƙasa ta jiƙa ciyawa ta fito. Damina ma da nata, kaska da ƙananan ƙudajen da ke yaɗa annobar dawaki ta Afirka, sai a haɗa da maganin kaska da raga mai ƙananan ido.

Sai ma'aunin zafi. Daga mako na biyu har wata huɗu, auna ta dubura safe da yamma, ka rubuta a bango ko littafi. Ƙirga numfashi yana kwance, da sanyin safiya. Zafi ya kai 39, ko numfashi ya haura 40, ko hanci yana buɗewa ciki yana tayawa, kira likita ranar. Kada ka jira tari ko majina, da yawansu ba sa yi. Ka kuma lura da gwiwoyin da suka kumbura amma ba ya ɗingishi, da idon da ya yi hazo, da zawon da ya ƙi tsayawa, duk ƙwayar nan tana kawo su. Likita mai na'urar sikanin da ake duba cikin goɗiya zai iya jiƙa ƙirjin jaririn da sifirit ya duba tsakanin haƙarƙari duk mako biyu. Tana nuna ƙurjin da ya taɓo bayan huhu tun ba alama.

An ce maganin azitromaisin yana kashe ƙwayar rodokokus. Me zai hana in ba duk duƙusaina tun suna mako guda in huta? Gidana akwai tsoho mara lafiya da ke son zama kusa da dawaki, ko tana kama mutum?
*Mai dawakin hawan sallah, Barikin Ladi*

Kada ka yi, Alhaji. Manyan gonakin Kentaki a Amurka sun yi shekaru suna ba duk jaririn da sikanin ya nuna ɗan tabo magani, abin da ya biyo baya shi ne ƙwayar da ba ta jin maganin. Gwaje-gwajen da aka yi a Jamus kuma sun nuna cewa mafi yawan masu ƙananan ƙuraje, waɗanda ba su da zazzaɓi ko haki, suna warkewa da kansu. Shi ya sa yanzu likitoci da yawa ba sa fara magani sai akwai alama, ko jimillar faɗin ƙurajen ta kai santimita 8 zuwa 10.

Ga wanda ya kamu da gaske, magani biyu ake haɗawa, duka ta baki. Azitromaisin miligiram 10 ga kowane kilo sau ɗaya a rana kwana biyar, daga nan duk bayan kwana biyu, ko kilaritromaisin miligiram 7.5 sau biyu a rana. Sannan rifamfisin miligiram 5 sau biyu a rana. Rifamfisin ba a ba da shi shi kaɗai, ƙwayar tana saurin sabawa da shi, kuma ka tuna yana cikin manyan magungunan tarin fuka na mutane, ba abin watsawa a barga ba ne. Ana ɗaukar makonni, sau da yawa huɗu zuwa takwas, har sai sikanin da gwajin jini sun nuna an warke. Tsayawa ranar da zazzaɓi ya sauka shi ne ke dawo da ciwon.

Fitsari da hawaye za su yi ja-ja kamar manja, wannan rifamfisin ne, ba jini ba. Abin tsoro biyu ne. Dangin azitromaisin, musamman eritromaisin, suna hana ɗan duƙushi gumi, rana ta buge shi zafinsa ya haura 41 ya faɗi. A Jos watan Maris da Afrilu ne haɗarin, mai dawaki a Abuja kuwa kusan kullum. Ya wuni a inuwa, ya fita da asuba ko bayan la'asar, har kwanaki bayan an gama maganin. Na biyu uwar ce. Idan ta lashi maganin a bakin ɗanta ko ta sha ruwan da ya tsoma baki, tana iya yin zawo mai kisa. Goge masa baki da tsumma mai ruwa bayan kowane sha, a riƙa sauya ruwan bokiti. Zawo mai ruwa-ruwa a jikin ɗan ko uwar, a dakata a kira likita.

Maganar tsoho kuwa, mai cikakkiyar lafiya da wuya ta kama shi. Amma tana kama wanda garkuwarsa ta yi rauni, kamar mai cuta mai karya garkuwar jiki, ko mai shan maganin daji, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, kuma a huhun mutum takan yi kama da tarin fuka. Idan Baba yana cikin waɗannan, a sa masa kujera can gefe ta inda iska ke fitowa, kada ya zauna lokacin shara ko kwasar kashi, kuma in tari ya kama shi a gaya wa likitansa cewa akwai dawaki a gidan.